Ba a Gayyace Su Jana'iza Ba

Ranar da tsoho Harm Bultena ya ce wa Nuala Tierney ta nemi wani gidan, a tsaye ya faɗa mata, a bakin shingen da ya raba lambunsa da nata, ko gaisuwa babu. Mutanen arewacin Holland dama ba su iya kewaye-kewaye ba, shi kuwa Harm ko a cikinsu na daban ne.

"Hayarku za ta ƙare ƙarshen wata, kuma ba zan sabunta ba," in ji shi. "Tun farko an ce mini kada in ba 'yan Ireland gida. Ni ne ban ji ba."

Shekara uku ke nan Nuala tana zaune a ɓarin gidan nan a garin Appingedam, ita da mijinta Fintan da 'yarsu, ba a taɓa jin kansu ba. Shara tana fita a ranarta, keke yana wurinsa, yarinyar tana makarantar bayan coci, har ta fi iyayenta jin yaren garin. Gidan haya kuwa, tun da aka fara manyan gine-ginen nan na bakin teku, ya fi aikin yi wuyar samu. In suka tashi daga nan, garin za su bari gaba ɗaya.

Wanda ya ja mata kuwa ƙanenta ne, Colm. Daga Ostireliya ya diro da jakar goyo ɗaya da gemu buzu-buzu, ya ce zai kwana biyu ya wuce gida Mayo, yankinsu a Ireland. Sai ya samu aikin jan wayar lantarki a wajen ginin, kwana biyun suka miƙe har bazara ta wuce. Abokansa kuma suka mayar da falon Nuala majalisa.

Samarinmu 'yan Ireland ke nan. Idan suna gida, uwa na kallo, limamin coci na kallo, maƙwabciya na leƙe ta bayan labule, ko yatsa ka sa musu a baki ba za su ciza ba. Da sun sauka ƙasar da ba a san ubansu ba, sai su bar kunyar a filin jirgi. Waƙa suka yi a titin da ko kare ba ya haushi bayan magariba. Keken Fintan a cikin kogin gari aka tsamo shi. Abin da ya kai tsohon bango shi ne ranar da aka ci Mayo a ƙwallo, kamar yadda aka saba, Colm ya sha ya yi tatul, ya faɗa ta kan shinge cikin furannin Geesje, matar Harm, ya yi amai a wurin, ya kuma kwana a kansu. Geesje ta daɗe a kwance ba lafiya, kuma furannin nan su ne abin da take kallo ta taga.

"Kai ka san abin da ka yi mini?" in ji Nuala da ta shiga gida ta same shi yana soya ƙwai da kaskonta. "Shekara uku ina tafiya a garin nan kamar mai tsoron taka ƙasa, don kada a ce ga halin 'yan Ireland. Ka zo da jakarka mai wari ka zubar mini da mutunci tas!"

"Yaya, na fa ba shi haƙuri."

"Da wane bakin? Wanda ka shayar da furannin da shi?"

Colm ya sunkuyar da kai yana juya ƙwai. Haushinsa take ji har cikin ranta, amma abin da ya fi ƙona ta shi ne an haɗa ta da shi an yi musu kuɗin goro.

Ba a yi nisa ba Geesje ta rasu. Nuala ta ga baƙar mota ta tsaya da safe, ta ga an sauke labulen tagar da ke kallon lambu, ta gane. Daren jajibirin jana'iza bai yi ba sai da ta sayo biredi da man shanu da naman alade, ta baje su a kan tebur ta hau yanka. Fintan ya shigo ya tsaya yana kallon ta.

"Nuala, ajiye wuƙar nan mu yi magana. Ba a aiko mana da kati ba."

"Kati kuma? Biki za a yi?"

"Nan ba Mayo ba ne. A nan sai an gayyace ka. Matar gidan ƙarshen titi ta ce mini na dangi ne kawai."

"Bango ɗaya ne tsakanina da matar nan shekara uku. Ina jin tarinta, tana jin faɗanmu. Sai in zauna ina shan shayi a wuce da ita? In uwata ta ji, ai jirgi za ta hau ta zo ta mare ni."

"Saurara mana. Na yi magana da Tineke, 'yarsa. Ta ce in an kwana biyu za ta lallaɓa shi kan maganar gidan. Ita kaɗai ta rage mana. Kada ki ɓata mana ita, don Allah."

Nuala ta ci gaba da shafa man shanu. Ta san gaskiya ya faɗa. Amma a inda ta tashi ba a shawara kan zuwa jana'iza. Babanta ya je ta mutumin da suka yi shari'a kan iyakar gona, ya kuma kama akwatin gawar.

"Za mu tsaya can baya, ni da kai da wancan sakaran," in ji ta. "Mu yi gaisuwa mu fito. Wa zai ma lura da mu?"

Abin da ba ta sani ba shi ne sakaran, wato Colm, ya je neman izinin fashin aiki, shugaban aikinsu kuma mutumin Kerry ne, shi ma ɗan Ireland. Da ya ji maƙwabciyar yayar Colm ce ta rasu, bai tambayi sunanta ba, lokaci kawai ya tambaya.

Washegari Nuala ta isa maƙabarta da tiren biredi a hannu, ta tarar da fararen motocin aiki jere a bakin ƙofa. Mutanenmu ne, sun fi talatin, da rigunan aiki masu ruwan lemo da takalman ƙarfe. Har da 'yan mata biyu masu aiki a wata mashaya a birnin Groningen, da wani dogo ɗan yankin Donegal na can gida da ba ta taɓa gani ba. Sun yi layi biyu, hagu da dama na hanyar tsakuwar da ta tashi daga ƙofa zuwa kabari, hulunan kwano a hannu, kai a sunkuye, kamar yadda ake yi wa mamaci a gida. Wanda ya jefa keken Fintan a kogi yana nan a gaba, ya taje kai.

"Shi ke nan," in ji Fintan a hankali. "Fara tunanin kwalayen haɗa kaya."

Nuala ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ta miƙa wa wani tiren, ta gyara wuyan rigarta, ta shiga layi. Tunda an zo, an zo.

Motar gawa ta iso. Dangin da suka fito daga motar baya ba su cika hannu ɗaya ba: Harm da sandarsa, Tineke da mijinta, da wata tsohuwa yayar marigayiya. Ma'aikatan jana'iza masu huluna ruwan toka suka sauke akwatin a kan wani keken turawa mai ƙafa huɗu. Colm ya dubi keken, ya dubi yayarsa, kafin ta hana shi ya fito daga layi.

"Meneer Bultena," ya ce, da lakabin girmamawa na yaren garin, "in ka yarda, mu ɗauke ta a kafaɗa. Mu shida muna nan."

Harm ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne ka yi amai a furanninta."

"Ni ne."

"Matsa."

Colm ya matsa. Aka tura keken, ƙafafunsa na ƙara a kan tsakuwa, tsohon yana biye, yana tafiya tsakanin layuka biyu na mutanen da ya tsana, bai dubi kowa ba. Da aka gama, mutanenmu suka yi abin da suka sani, suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama hannunsa ya ce, "Sannu da wannan rashi." Harm ya tsaya ƙiƙam yana miƙa hannu kamar mai karɓar allura. Ɗan Donegal ma har da dafa masa kafaɗa.

Tineke ta tare Nuala a bakin ƙofa, fuskarta ta yi ja.

"Wa ya gayyace ku? Mun rubuta na dangi ne kawai. Mahaifiyata ce, ba wasan ƙwallo ba."

"Ki yi haƙuri," in ji Nuala. "Yawan nan ba ni na shirya shi ba. Amma zuwan, ko ni kaɗai ce da na zo. A wurinmu ba a gayyatar mutum jana'iza, ji kawai yake yi."

"To nan ba wurinku ba ne. Maganar da muka yi da mijinki kuma ki ce masa ya manta da ita."

Biredin ko taɓa shi dangin ba su yi ba. Dangi suka wuce shan kofi, samarin kuma suka cinye shi a cikin mota kafin su koma aiki.

Fintan bai ce mata "ai na faɗa miki" ba, wannan ya fi ciwo. Ya kawo kwalaye daga kanti suka fara haɗa kaya. Colm ya koma kwana a gidan abokansa ba tare da an kore shi ba. Nuala ta yi kuka sau ɗaya, ranar da ta ciro zane-zanen 'yarta daga jikin firji, amma ko a lokacin ba ta ji ta yi nadamar zuwan ba. Ta bincika zuciyarta sarai, ba ta samu ba.

Ana nan wata la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Harm ne, da sandarsa da rigar fita, kamar mai zuwa banki. Shekara uku bai taɓa taka ɗakin girkinta ba. Ya zauna a kujerar da babu kwali a kai.

"Za ka sha shayi, Meneer Bultena?"

"A'a."

"Ɗan kaɗan mana."

"Na ce a'a."

"Ai ruwan ya riga ya tafasa." Ta zuba ta ajiye masa. Ya kalli kofin kamar an zage shi.

"Ban ji daɗin abin da kuka yi ba," ya ce. "Har yanzu ina fushi. Rashin ladabi ne."

"Na ji."

"Shekara hamsin da wani abu Geesje ta yi a titin nan. Mai biredi bai zo ba, matar gidan ƙarshe ba ta zo ba. Ba laifinsu ba ne, ni na ce kada a zo. Haka ake yi." Ya juya sandar a hannunsa. "Wancan dogon da ya dafa ni, ya san ta?"

"Ko sunanta bai sani ba."

"To me ya kawo shi?"

"An ce masa an yi rasuwa."

Tsohon ya ɗauki kofin ya kurɓa, ya yamutsa fuska don ƙarfin shayin, ya sake kurɓa.

"Ina kwanciya sai in riƙa jin ƙarar keken nan a kan tsakuwa," ya ce. "Da irinsa nake tura buhun dankali daga rumbu. Tineke tana can nesa a birnin Utrecht, yayar Geesje ta fi ni tsufa. Na zauna na ƙirga waɗanda za su bi ni, ban daɗe ina ƙirgawa ba." Ya ɗago ya dube ta kai tsaye. "In tawa ta zo, za su zo?"

"Ko ka rubuta a ƙofa kada a zo."

"Da munanan rigunan nan?"

"In ranar aiki ce, da su."

Harm ya gyaɗa kai, ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya buga kwalin da ke kusa da shi da bakin sandar.

"Kwashe waɗannan, suna tare hanya. Gobe ki zo mu sabunta haya. Amma ƙanenki ba zai sake kwana a gidan nan ba."

"Wannan kam ni zan fara sa hannu."

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Gidan na ce ya bari, ban ce garin ba. Ki gaya masa shi da sauran biyar ɗin kada su yi nisa. Ni a kafaɗa nake so."