Ɗan Farin Adama da Jirgin Feshi

Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka yi wa geron Kurfi rubdugu, bayan samun mulkin kai da kaɗan, aka aiko ƙaramin jirgin sama ya fesa masu magani. Da la'asar ya iso filin da aka share bayan gari. Saukar ma abin tsoro ce, sau uku yana dira yana tuma kafin ya tsaya. Mutane kuwa, Allah sarki, tafi suka yi, sun ɗauka gwaninta ce.

Adama mai fura na zaune gindin tsamiya da ƙwaryarta. Ɗanta na fari, Tukur, malamin gona ne a Dutsin-Ma, kuma shi aka ce zai shiga jirgin ya nuna fadamar da tsuntsayen ke kwana. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yi mashi magana gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma duk Kurfi an san Adama da ita.

Matuƙin ya zo inuwar tsamiyar. Wani ɗan Bature ne, ko gemu bai fara ba. Ya ba taro baya, ya zaro kwalba daga aljihu ya kafa kai. Warin ya bugi hancin Adama, ta kuwa san na giya ne, don ta sha kai fura bariki. Da zai rufe kwalbar, sau biyu murfin na faɗuwa ƙasa.

Direban da ya kawo man jirgin daga Dutsin-Ma ya tsuguna sayen fura, ya ce, "Ai babban matuƙin na kwance da zazzaɓi. Wannan bai taɓa feshi ba, tsoro ne ya cika mashi ciki."

Ludayin ya suɓuce daga hannun Adama. Ta lallaɓa wurin wanta Mamuda, ta ce da ƙaramar murya, "Yaya, ka ce ma wancan yaron kada ya shiga. Baturen nan a buge yake."

Mamuda ya kwashe da dariya. "Wane yaron? Yau kuma ke ce da zancen ɗan fari? Koma ga furarki, Bature ya san aikinsa."

Matan da ke kusa suka yi ta ƙus-ƙus suna rufe baki. To, don Allah dariyar me? Amma ita ce ta ɗaure ƙafar Adama. Ta yi taku uku wajen jirgin ta tsaya. Tukur ya hango ta daga jikin jirgin, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, ya hau. Taku ashirin ne tsakaninsu, ba a fi ba. Maganar na bakinta, ta ja mayafi ta kawar da fuska.

Jirgin ya ruga, ya tashi da ƙyar, yana karkacewa kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda. Bai ko kai fadamar ba. Matuƙin ya juya shi ƙasa-ƙasa, fiffike ya doki giginya. Aka ji ƙara, hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe. Maza suka sheƙa da gudu, wuta ta hana kowa matsawa. Ba wanda ya fita daga cikin su biyun.

Kwana uku ana zaman makoki. Uwa ba ta kukan ɗan fari a idon jama'a, don haka Adama ta zauna kan tabarma ido a bushe, tana amsa gaisuwa. Mamuda bai iya haɗa ido da ita ba.

Ran addu'ar uku wata tsohuwa ta dafa kafaɗarta, ta dubi sauran mata ta ce, "Ku yi koyi da Adama. Har ya shiga jirgin nan, wallahi ko kallonsa ba ta yi ba."