Sunan 'Yar Fari

Duk Tudun Marke an san Iya Zainaba da kara. A zamanin da mata suka fara sassauta al'ada, har za ka ga yarinya ta goya ɗanta na fari ta shiga kasuwar Kafin Hausa tana yi masa wasa a gaban jama'a, ita Iya Zainaba tana nan kan bakanta. Tun ranar da aka raɗa wa 'yarta ta fari suna Mardiyya, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. In za ta kira ta, "ke" ce. In za ta yi zancenta, "yarinyar nan" ce. Akwai wata mai tallan awara a garin da ta yi rashin sa'ar cin wannan suna, ita ma sai dai Iya ta tafa mata hannu daga ƙofar gida.

Ana yaye Mardiyya gwaggonta ta ɗauke ta zuwa Malam Madori. Can ta girma, can aka yi mata aure. Da gwaggon tana raye, wurinta za a kai ta goyon ciki, amma Allah ya yi mata rasuwa bara. Don haka da cikin ya tsufa, sai aka kawo Mardiyya gidan uwar da ta haife ta, suka zauna a tsakar gida ɗaya kamar baƙi biyu da mota ta haɗa. Iya kan ajiye kwano a bakin ƙofa ta ce wa iska, "Ga abinci nan, in da mai ci." Sai dai duk wanda ya buɗe kwanon zai tarar tsokar kifin da ta fi kowace girma a ciki take. Iya Zainaba tana son 'yar nan son da ba ta yi wa sauran 'ya'yanta, kuma rashin faɗar ya sa son ya ƙara nauyi a ƙirjinta.

A wannan shekarar kogi ya yi ambaliya tun kafin shinkafa ta gama nuna. Ruwa ya cinye hanyar Haɗeja, garin ya koma tsibiri, ba shiga ba fita sai a kwalekwale. Saudatu, ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa yi wa mata awo, ta ga ba za ta iya zagaye ƙauyukanta kamar da ba. Sai ta kawo wata waya da abin awon jini, irin wanda ake ɗaurawa a dantse, ta ce a ajiye su gidan Iya Zainaba, don nan ne tudu, nan sabis yake kamawa, kuma mai gidan, Malam Shu'ibu, yana da 'yar solar caji.

Ta zaunar da Iya ta koya mata. A ɗaura, a danna, a jira. In fuskar wayar ta yi kore, lafiya. In ta yi ruwan ɗorawa, a sake gwadawa anjima. In ta yi ja, a danna hoton matar nan mai farin ɗankwali, ungozomar asibiti a Haɗeja za ta amsa.

"Ni da ko biro ban taɓa riƙewa ba?" in ji Iya.

"Iya, wadda ta san shinkafa ta nuna daga kalarta, ai ba za ta kasa bambance kore da ja ba."

Masu ciki huɗu ne a garin. Uku Iya ke aunawa da hannunta, har da faɗan kada a yi motsi, sai ka ce ita ta ƙera na'urar. Ta huɗun kuwa, wato Mardiyya, maƙwabciya take kira ta ɗaura mata, ita kuma ta tafi bakin murhu tana gyara itacen da babu abin da ya same shi. Daga can take satar kallon wayar. Tana hango kore, sai ta ja tsaki ta ce hayaƙi ya dame ta.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ita ma Mardiyya 'yar kunya ce, ga kuma dauriyar cikin fari, wanda ake cewa mai shi ba ta raki. Ko me aka tambaye ta, amsarta ɗaya ce, lafiya lau. Amma Iya ta ga silifas ɗin yarinyar ya daina shiga ƙafarta. Ta ga ranar da ta ɓuya bayan rumbu tana cire zobe da sabulu. Ta yi niyyar gaya wa Saudatu in ta zo, sai ruwa ya ƙaru, Saudatu ba ta samu zuwa ba.

Ran wata Laraba gari ya watse tun da sassafe. Ruwa ya fara haye shinkafar fadama, maza da mata duk mai lauje ya tafi a ceci abin da za a iya ceta, har da Malam Shu'ibu da maƙwabciyar. Da hantsi Iya na tankaɗe, sai ta ga Mardiyya ta fito daga ɗaki tana laluben bango, ta kare ido da hannu, alhali ranar ko zafi ba ta yi ba. Fuskarta ta cika, idanun sun shige ciki.

Iya ta leƙa waje. Babu kowa sai awaki. Ta dawo ta tsaya, ta sake leƙawa, ko Allah zai jefo wata. Daga nan ta goge garin hannunta a zane ta ɗauko na'urar.

"Ke. Miƙo hannu."

Rabon da ta taɓa jikin yarinyar nan tun tana goye. Dantsen ya yi taushi, inda ta danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na'urar ta yi gurnaninta ta saki iska, fuskar wayar ta yi ja wur. Iya ta sake gwadawa, don ko tsohuwa ta yi kuskure. Ja ɗin bai sauya ba. Gabanta ya faɗi, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta danna matar mai farin ɗankwali.

"Salamu alaikum, Sista Umaima ce daga asibiti. Na ga awon ya shigo daga Tudun Marke, kuma bai yi mini daɗi ba. Wa aka auna?"

"Yarinyar nan ce."

"Wace yarinya, Iya? Mata huɗu gare ni a garinku, kowa da bayaninta."

"Ta gidan nan."

"To, matar wa ce?"

Nan ma aka zo wurin, don sunan suruki ai ya fi na 'yar fari nauyi. Iya ta shiga kame-kame. Can sai ta ji matar ta sassauta murya.

"Iya, 'yar fari ce ko?"

"Ita ce."

"Allah sarki. Tawa uwar ma haka take. Bari in kira sunayen, in na zo kanta ki ce mini i. Ummussalma?"

"A'a."

"Mardiyya?"

"I."

Iya ta ji kamar an sauke mata dami daga ka. Ta sa wa matar albarka a zuci, tana ganin ta tsallake ke nan.

Sista Umaima ta ce a matsa da wayar kusa da mai cikin. Ta tambaye ta ko kanta na ciwo, ko tana ganin wani abu na gilmawa a idonta, ko saman cikinta na yi mata zafi. Mardiyya ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau, gajiya ce kawai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iya ta juya fuskarta ga bango, ta yi wa bangon magana.

"Ba gaskiya ta faɗa ba. Tun shekaranjiya take ɗaure kai da ɗankwali tamau. Jiya ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa ta kama gefe. Tuwon dare loma biyu ta yi, ta zuba wa kaji sauran don kada a gani. Ba ta barci, ina jin juyinta. Zobenta ma yana cikin ƙoƙon sabulu."

Mardiyya ta ɗago kumburarrun idanunta ta dubi bayan uwarta. Ita a zatonta matar nan ko kalar zanen da ke jikinta ba ta sani ba.

"Kin kyauta, Iya," in ji Sista Umaima. "Jininta ya hau sosai, kuma ina tsoron jijjiga. Yau za ta zo asibiti, yanzu. Na kira Fannami mai kwalekwale, yana tahowa. Saudatu za ta tare ku da mota a bakin jingar da ta tare ruwa, da allura a hannunta. Kada ki kashe wayar, ina tare da ku."

Fannami dattijo ne, kakanninsa daga gabas suka zo, kuma ya san hanyoyin ruwan nan tun kafin ciyawar kacala ta toshe rabinsu. Ya shimfiɗa tabarma a cikin jirgin, suka kwantar da Mardiyya. Iya ta zauna can gefe, ta bar tazara, wayar na kan cinyarta. Suka shiga wata siririyar hanya tsakanin kacala, ciyawar ta fi tsayin mutum, ba ka ganin komai sai sama da tsuntsaye. Fannami na dasa gora yana turawa.

Sun yi nisa, har an fara jin ƙarar injin niƙa daga wajen gari, sai jikin Mardiyya ya sandare. Idanunta suka juye, haƙora suka datse, hannu da ƙafa suka shiga karkarwa har jirgin na tangaɗi. Iya ba ta san lokacin da ta tsallake tazarar nan ba. Ta rungumo kan 'yarta tana salati, tana neman cusa yatsa a bakinta.

"Iya, me ya faru? Yi mini magana."

"Ta fara. Ga ta nan tana yi."

"Kada ki sa mata komai a baki. Kada ki danne ta. Juya ta ta kwanta kan haƙarƙarinta na hagu, ki tare kanta kada ya bugu. Zai wuce, da yardar Allah."

Ya wuce ɗin, amma ya bar yarinyar shame-shame, numfashi na fita da ƙyar, kumfa a gefen baki. Iya ta goge da bakin mayafinta.

"Ta daina? To, ina so in san ko tana jin mu. Kira ta."

"Ke," in ji Iya. "Ke. Tashi mana."

Ko gezau.

"Ke, yarinya."

"Iya," in ji muryar cikin wayar a hankali, "wanda ya yi nisa ba ya juyowa don an ce ke. Sunanta za ki kira. Ni in na kira daga nan, muryar baƙuwa za ta ji."

Iya Zainaba ta ɗaga kai ta dubi Fannami. Dattijon ya juya mata baya, ya ajiye gorar ya ɗauki filafilin tuƙi, ya shiga dukan ruwa da ƙarfi fiye da yadda tuƙin ke bukata, yana yi wa kacala faɗa da Barbarci. Mutumin kirki ne, ya mayar da kansa kurma.

Sunan nan kullum tana faɗarsa a sujada, a zuci, inda ba mai ji sai Allah. Amma harshenta bai san hanyarsa ba. Ta sunkuya har leɓenta na taɓa kunnen yarinyar.

"Mardiyya."

Ya fito a shaƙe. Ta sake, wannan karon da murya sosai, hawaye na ɗiga a kumatun 'yar.

"Mardiyya. Mardiyyata. Ni ce, uwarki. Kada ki tafi ki bar ni."

Fatar idon ta motsa. Yatsun da suka kumbura suka lalubo gefen zanen Iya suka riƙe.

"Ta riƙe ni," in ji Iya. "Sista, ta riƙe ni."

"Alhamdu lillahi. Ci gaba da kiranta, kada ki bari. Ga Saudatu can tana hango ku."

Haka ta yi ta kira har bakin jinga. Sunan da ta yi shekara ashirin da wani abu tana tattali, ta kashe shi kaf a tsakanin kacala da tudu.

Saudatu ta yi wa Mardiyya allurar tun a cikin jirgi, mota ta kwashe su. A asibiti likitoci suka ce ba za a jira ba, aka yi aiki aka ciro 'ya mace, ƙarama amma mai ƙarfin kuka. Sista Umaima ta zo da kanta ta gaida Iya, ashe wata 'yar siririya ce da ba ta wuce sa'ar Mardiyya ba. Iya ta riƙe hannunta tana ta sa mata albarka.

Da Mardiyya ta dawo hayyacinta sosai aka miƙo mata jaririyar, sai ta kawar da kai gefe, wai ita kunya. Iya ta karɓi jikarta tana hararar Mardiyya a fakaice. Yau ga abin da ta shuka ya tsiro a gabanta, kuma bai yi mata kyan gani ba.

Ɗakin ya rage su biyu, ga kofin kunun kanwa a kan durowa. Mardiyya ta yi magana tana kallon silin.

"Iya, da muna cikin ruwa na ji kamar ana kirana. Wa ya kira ni?"

"Matar cikin waya ce."

"Muryar ba ta waya ba ce."

Iya Zainaba ta shiga gyaran zanen jaririya, wanda babu abin da ya same shi. Ta gyara ta sake gyarawa. Sannan ta matso bakin gadon, ta kwantar da 'yar a ƙirjin uwarta, ta kamo hannun Mardiyya ta ɗora a bayan jaririyar, ta danne da nata don kada a janye.

"Riƙe ta, ki dube ta da kyau, ba mai ganinki," in ji ta. "In kin gama ki sha kununki, Mardiyya, kafin ya huce."