Faɗuwar da Ba Ta Shiga Fim Ba

"Ba zan saka ta ba, ranka ya daɗe."

Maryuri Lucumí ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma juyo daga kan kwamfutarta ba. Mai kamfanin da ya zuba kuɗinsa a fim ɗin, Don Rigoberto, yana tsaye a bayanta da kofin kofi a hannu. Ya sake maimaita umarnin a hankali, kamar mai koya wa yaro ƙidaya: ta ɗauko faɗuwar tsohuwa, ta ɗora mata kiɗan barkwanci, ta sa ta a tsakiyar fim, ta kuma buɗe talla da ita. Saura mako shida Kirsimeti, ba shi da lokacin gardama.

Ta ce ai ta ji tun da farko, amsar ce dai ba ta canja ba.

Wata bakwai ke nan tana zaune a wannan ɗaki marar taga a birnin Cali, tana yanka hotunan da aka ɗauka tana jera su har suka zama labari. Shi ne babban fim na farko da aka danƙa mata, bayan shekara biyar a jami'a da shekara uku tana haɗa bidiyon bikin aure. Kuma irin fim ɗin nan ne da ake saki ran Kirsimeti, lokacin da iyali suka farka daga gajiyar biki suka ɗunguma silima, daga kaka har jika. Labarin wata tsohuwa ne mai 'ya'ya uku da ba sa ga-maciji da juna, kowanne ya rantse a gidansa za a yi addu'ar kwana tara ta gabanin Kirsimeti, ita kuwa ta kwanta ciwon ƙarya don ta tara su a ɗaki ɗaya. Maryuri tana son fim ɗin. Tana ganin gwaggwanninta a ciki, har da yadda suke gaisawa da haƙora kawai.

Doña Etelvina ce ta fito a tsohuwar. Shekararta saba'in da shida, hamsin daga ciki ta yi su tana ba ƙasar nan dariya. A ranar ƙarshe ta ɗaukar fim, makonni kaɗan da suka wuce, an shirya za ta ratsa tsakar gida ɗauke da tukunyar natilla, kunun madarar nan mai kauri da ba a Kirsimeti sai da shi. Ƙafarta ta harɗe da wayar lantarki. Tukunya ta yi sama, gashin kantin da ke kanta ya fice, riga ta yaye. Ma'aikata suka fashe da dariya, sun zaci ƙari ta yi daga kanta kamar yadda ta saba. Sai da kamara ta yi daƙiƙa arba'in tana ɗauka kafin wani ya gane ƙashin ƙugunta ne ya karye.

Maryuri ta kalli daƙiƙa arba'in ɗin nan hoto bayan hoto. Mai faɗuwar wasa, hannunsa ke riga shi isa ƙasa, idonsa kuwa ya riga ya zaɓi wurin sauka. A nan babu hannu. Sai ido cike da tsoro, da baki yana neman taimako ana ta dariya.

Don Rigoberto ya ce yarjejeniya a rubuce take, duk abin da kamara ta kama na kamfani ne. Ta yanke kafin a ga fuskar, shi ke nan.

"Wa zai sani?"

"Ni na sani."

"To, sannu malama mai digiri. Ashe a jami'a har wa'azi aka koya muku."

Ta tambaye shi ko an faɗa wa mai faɗuwar. Ya ce ba a damun mara lafiya da maganar aiki. Ya ba ta kwana uku ta dawo hayyacinta, ya fita ya bar mata kofinsa a kan tebur.

Da yamma ta tarar da babanta, Don Evaristo, a kan tsani yana rataya fitilun Kirsimeti a bakin taga. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas kafin gwiwa ta zaunar da shi. Tun watan Agusta ya gama sanar da unguwa, daga mai aski har limamin coci, cewa ran Kirsimeti sunan 'yarsa zai fito a allon silima da haruffa kamar ƙofar gida. Layin kujeru biyu ya kama tun ranar da aka fara sayar da tikiti. Ta riƙe masa tsani, ta yaba fitilu, ba ta faɗa masa abin da ya faru ba.

Washegari da safe ta kwafi faɗuwar a kwamfutarta ta hannu, ta hau bas zuwa gidan Doña Etelvina. Ta san dokar kamfani sarai: hoton da ba a saki ba, ba ya ƙetare ƙofa. Ta karanta dokar, ta sa mata hannu, ta kuma ƙetare ƙofar da shi.

Ta sami tsohuwar a kan gado, an sa mata ƙarfe a ƙugu, amma da jan-baki raɗau a leɓenta. Maryuri ta gaishe ta da jiki, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta kunna. Ta riga ta ajiye hankici a aljihu don hawayen da take tsammani. Doña Etelvina ta kalla sau ɗaya, ta ce a mayar, ta sake kallo, sannan ta ja tsaki.

"Tir. Dubi yadda na zube kamar buhun dankali. Ba awo, ba gwaninta. Wannan ko ɗan koyo ya yi ta, sai na kore shi."

Maryuri ba ta san lokacin da dariya ta kufce mata ba. Tsohuwar ma ta dara, ta dafe ƙugu saboda zafi. Da dariyar ta lafa, ta daɗe tana kallon allon da ya tsaya a kan fuskarta.

"Shekara hamsin ina faɗuwa, 'yata. Kowacce ni na auna ta, na miƙa musu da hannuna. Wannan ba ni na bayar ba."

Sai dai ita tsohuwar hannu ce, ta san idan aka cire wurin, rami zai zauna a tsakiyar fim, kuma masu kuɗi ba sa yafe rami. Ta tambayi Maryuri me za a cike shi da shi. Maryuri ta riga ta yi tunanin a cikin bas: tunda tsohuwar cikin labari kwance take da ciwon ƙarya, me zai hana a kawo kamara nan, a kan wannan gadon? Suka zauna har azahar suna tsara sabuwar fitowa, Maryuri tana rubuta inda za a yanke, tsohuwar tana gwada fuska iri-iri a madubin hannu.

A gabanta Doña Etelvina ta kira Don Rigoberto a waya. Ta kira shi ɗan nan, ta tuna masa ta san shi tun yana ɗaukar wa mutane jaka. Ta ce idan faɗuwar ta shiga fim, ba gidan rediyo ko talabijin da za ta je talla, in kuma aka tambaye ta dalili za ta faɗa. Amma tana da abin da ya fi ta, in yana so. Don Rigoberto mai zafin kai ne, ba wawa ba ne. Ya turo kamara kafin ƙarshen mako.

Maryuri kuwa takarda ya turo mata. Ta fitar da kayan kamfani ba izini, an sallame ta, wani ne zai ƙarasa aikin, sunansa ne kuma zai fito.

Bayan mako guda sai ga saƙo na biyu. In ta zo ta tsaya gaban ma'aikata ta ce ta yi kuskure da ta kai wa tsohuwa magana, zai mayar da sunanta. Kwana uku saƙon yana cikin wayarta, tana buɗewa tana rufewa. Minti biyu ne kawai na sunkuyar da kai. A rana ta huɗu ta sami babanta a kicin yana jiƙa masara, ta faɗa masa komai daga farko.

Ya goge hannu a wando, ya zauna.

"Kin yi laifin?"

"Na fitar da hoton ba izini, Baba. Wannan na yi. Amma abin da yake so in ce shi ne da ma ban nuna mata ba."

"Da za a sake, za ki nuna mata?"

"Zan nuna."

"To me za ki je ki faɗa musu?"

Ta ce maganar tikiti fa, da mutanen da ya gayyata. Ya ce tikiti an riga an saya, kuma shi bai taɓa ganin an mai da natilla madara ba. Amma ta ga yadda ya juya wa tagar fitilu baya.

Ta rubuta wa Don Rigoberto layi uku. Ta amsa laifin fitar da hoto, ta ba da haƙuri a kansa. Ɗaya maganar kuwa, ta ce ba za ta iya kiran ta kuskure ba. Bai ba ta amsa ba.

Kwanakin addu'a tara su ne suka fi wuya. Kowace yamma a gida daban, ana waƙa, yara suna kaɗa gwangwani, ana rarraba natilla a faranti, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ya dafa kafaɗarta ya ce saura kwana kaza a ga suna. A yamma ta uku ta gaji, ta miƙe bayan addu'a ta faɗa musu gaskiya a taƙaice. Gwaggonta Rosalba ta ce girman kai rawanin tsiya, 'yar direban bas ce za ta koya wa mai kamfani tarbiyya? Wasu suka gyaɗa kai. Maryuri ta ce wa gwaggon ta ƙara natilla, ta zauna da bayanta a miƙe har aka watse. A gida ne kaɗai, a banɗaki, ta bar idonta ya yi abin da yake so.

Ran Kirsimeti da la'asar layin kujeru biyun nan suka cika, ba wanda ya fasa. Fim ya fara. Maryuri ta san kowace gaɓa, ta san inda ta ƙara rabin daƙiƙa don dariya ta sami wurin zama, kuma ga dariyar tana zuwa daidai inda ta ajiye mata kujera. Sabon mai aikin bai taɓa komai ba, ya dai bi takardarta.

Sai sabuwar fitowa ta zo. Tsohuwa kwance kamar gawa, 'ya'ya uku sun kewaye gado suna kuka. Babban ya tona cewa shi ya sayar da keken ƙanensa suna yara, ƙanwar ta tona nata, suka rungume juna suna neman gafara. Hayaƙi ya fara shigowa daga kicin. Hancin tsohuwa ya motsa. Ta daure. Ya sake motsawa. Ta buɗe ido ɗaya.

"Duk cikinku ba mai hanci ne? A je a juya mini tukunya!"

Silima ta kusa tsagewa. Maryuri ta juya ta dubi layinsu. Gwaggo Rosalba tana dariya har da hawaye, ta riƙe hannun ƙanwarta da ba su yi magana ba tun bikin Ista, tana nuna allo tana cewa wallahi uwarsu ce sak. Ba wanda ya ji ciwo a wannan dariyar.

Da jerin sunaye ya fara hawa, mutane suka miƙe suna fita. Layi biyu ba su motsa ba. Da aka iso wurin mai haɗa hoto, sunan wani ne a rubuce. Don Evaristo ya dafa kujerar gaba, ya miƙe da gwiwarsa mai ciwo, ya faɗa da muryar da ya saba kiran tasha da ita:

"Maryuri Lucumí, 'yar Evaristo."

Ya fara tafi shi kaɗai. Mai aski ya kama, sauran suka bi, Gwaggo Rosalba a ƙarshe, tana ƙunƙuni tana tafawa.

Bayan sabuwar shekara Doña Etelvina ta aiko a kira Maryuri. Ta fara takawa da sanda, kuma ta ba wata matashiyar darakta lambar Maryuri, ƙaramin fim ne, za a fara a watan Maris. Maryuri ta yi godiya, ta karɓa da hannu biyu.

Amma ba ta ruɗi kanta ba. Aikinta na wata bakwai yana yawo a silimun ƙasar da sunan wani, babban kamfanin birnin ya rufe mata ƙofa, kuma kafin Maris ta koma haɗa bidiyon bikin aure. Abin da "ba zan saka ta ba" ya ci mata ke nan, ta kuma ba da shi ido a buɗe.