Sunan Lawan

"Ki kira sunansa," in ji likitar. "Da ƙarfi, kusa da kunne."

Asabe ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Malam," ta ce.

"Ba Malam ba. Sunan da ya taso da shi."

Oluchi, maƙwabciyarsu mai shagon tireda a Gyadi-Gyadi, tana tsaye a ƙarshen gado rungume da fulas ɗin kunu. Tun makon da soja suka miƙa mulki take zaryar asibitin nan, tun da mota ta kwashe Lawan, mijin Asabe, a kan acaɓarsa, kansa ya daki kwalta.

Likitar ta ce kullum abu uku take dubawa: ko zai buɗe ido, ko zai yi magana, ko zai motsa. Jiya da ta danne masa farce ya janye hannu. Yau ko wannan babu. "Wani lokacin muryar da mutum ya sani takan kai inda tamu ba ta kaiwa."

Tana wucewa Oluchi ta dire fulas. "Ke Asabe, kunyar miji har a asibiti? Ni mijina Polycarp ko a tsakiyar kasuwa sunansa nake ƙwalawa."

"Shi ya sa ya kurmance." Dariyar Asabe ba ta kai ciki ba. "Maman Chibuikem, tun da aka kawo ni gidansa bakina bai taɓa faɗa ba. Ke ki kira."

Oluchi ta sunkuya. "Lawan! Tashi mana, wa zai kai ni kasuwar Tarauni?"

Shiru, sai kukan fanka. Oluchi ta koma gida tana jin haushin Asabe.

Washegari da hantsi ta tarar an ja labulen gadon. Daga ciki murya na fita can ƙasa, tana harɗewa kamar ta mai koyon magana. "Lawan. Lawan, ni ce."

Oluchi ta tsaya cak, ta kasa shiga.

Sai ga Asabe ta fito daga bayan labulen a guje. "Fatar idonsa ta motsa! Wallahi ta motsa!"

Likitar ta zo ta haska idon da tocila, ta danne farce, ta jira. Asabe tana kallon mijinta. Oluchi ce kaɗai ta ga fuskar likitar.

Kafin la'asar ya cika.

A zaman makoki wata dattijuwa ta tambaya, "Ya farfaɗo kuwa, kafin rai ya yi halinsa?"

Asabe ta ɗago ta zuba wa Oluchi ido.

"Ya ji ta, Inna," in ji Oluchi.

Ta sunkuya ta ci gaba da jera kofunan silba a bakin tabarma.