Ƙasar da Fo Agbeko Ya Hana a Tona

"Ba za a tona ba," in ji Fo Agbeko. Ya jawo kujerarsa ta katako zuwa gindin gwanda, ya daidaita ƙafafunta a kan wani ɗan fili mai yashi, ya zauna, ya gicciye sandarsa a cinya.

Essivi ta rage gudun keken ɗinkinta. Shagonta na manne da katangar tsohon, tagar kuma ta fuskanci tsakar gidansa, saboda haka ba ta ɗauki abin da take yi a matsayin leƙe ba. Musye Tchalla, ma'aikacin gandun daji, yana tsaye riƙe da fartanya, gumi ya jiƙa masa kaki. A bayansa manyan kunkuraye na gwaguyar ɓawon kankana, ƙananan kuma sun cika wani tsohon baho.

"Fo, ni ban zo rigima ba. Irin wannan kunkurun ya kusa ƙarewa a daji, ka sani. Ka ce a gidan nan aka ƙyanƙyashe su, ba daga arewa aka kwaso ba. To, nuna min ƙwai ɗaya in shaida, a ba ka izinin sayarwa."

"Ƙwai na nan ƙarƙashina."

"Shi ya sa na zo da fartanya."

"Ƙwan kunkuru in aka juya shi ya mutu. Ka dawo da damina, ka ga fitowarsu."

"Bara na zo da damina, ka ce na makara."

"To ai ka makara."

Tchalla ya share goshi, idonsa ya faɗa kan tagar, ya kira ta da "Da", wato yaya, yadda ake girmama mace a garin. "Da Essivi, ke ce maƙwabciya. Kin taɓa ganin ƙwai a gidan nan?"

Ta ji idon tsohon a kanta. "Ban taɓa gani ba," ta ce, ta sunkuya kan ɗinkinta.

Gaskiya ta faɗa. Abin da ta sha gani shi ne buhuna. Sename, ɗan ƙanen tsohon, yakan kawo su ɗaure a bayan babur, ya shige da su ɗaki, kuma sau ɗaya ta ga kamar wani buhun ya motsa. A unguwar Agoè kuwa kowa da nasa zancen game da gindin gwandar nan. Mai sayar da tuwon akume ta ce tsafi ne aka binne. Masu shan giyar sodabi a bakin titi suka ce kuɗin sallamarsa ne na tashar jiragen ruwa.

Ba a daɗe ba amsa ta zo: an hana izini, kuma hukuma za ta kwashe dabbobin, tunda ba a san asalinsu ba. Tun daga nan yaran layi suka fara kiran gidan "gidan ɓarawon kunkuru". Fo Agbeko ya daina zuwa coci. Ƙafafunsa suka kumbura har silifa ya ƙi shiga, amma kullum sai ya ja jiki zuwa kujerar.

Wata rana da hantsi ya ƙwanƙwasa mata taga da sanda.

"Mai ido biyu a ɗinki, huɗu a gidan mutane."

"Fo, ka sha maganinka?"

"Na sha. In na kasa fitowa, ki riƙa yayyafa ruwa a gurbin kujerata. Kaɗan, da hannu, kamar za ki yi shara."

Ta ajiye almakashi. "Faɗa min tsakani da Allah, me ke cikin buhunan nan?"

"Ciyawa."

"Ciyawa tana motsi?"

"A ɗaure ki a bayan babur ɗin Sename, mu ga ko ba za ki motsa ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ba ta yi ba.

A kan kujerar aka same shi wata safiyar Lahadi, kansa ya karkace, wani babban kunkuru ya jingina da ƙafarsa yana shan inuwa. Aka kai gawar ɗakin sanyi, ana jiran 'yarsa ta tara kuɗin bikin jana'iza ta taso daga Abidjan. Tchalla ya zo gaisuwa, ya ce zai bari sai an binne kafin ya turo motar kwashe kunkurayen.

Essivi ta riƙa shiga da ɗan kwano tana yayyafa ruwan. Ba don ta yarda ba. Kowane yayyafi sai ta ce a ranta, wataƙila tsohon nan yana can yana mata dariya, ya bar ta tana ban ruwa ga tukunyar kuɗi.

Ana gobe jana'iza aka yi ruwan farko. Da safe masu rumfa suka zo, aka jera kujerun roba har titi, kowa sanye da atamfa baƙa da ja wadda Essivi ta ɗinka. Masu badujala na gwada ƙahoninsu a waje. Ta shiga da kwanonta bisa sabo, sai ta tarar da Sename ya kawar da kujerar, fartanya a hannunsa.

"Me za ka yi?"

"Turken rumfa zan kafa."

"Da fartanya?"

Ya waiga, ya rage murya. "Da, biki ya cinye mu. In akwai wani abu a nan, namu ne."

"Kai ma ba ka san abin da ke ciki ba?"

"Ni ciyawa kawai nake yanko masa a bakin rafi. Ko kusa da nan ba ya bari in taka."

Essivi ta dube shi da kyau, tana neman ƙarya a fuskarsa, ba ta tabbata ta samu ba. Ta ajiye kwanon, ta jawo kujerar ta mayar inda ƙafafunta suka yi gurbi, ta zauna.

"Tashi, Da. Gidanku ne?"

"Ba za a tona ba."

"Ke da kika gaya wa hukuma ba ki taɓa gani ba?"

Ta sunkuyar da kai. A nan ne ta ga yashin da ke tsakanin ƙafafunta ya tsage. Ta ɗauka ruwan jiya ne ya tsaga shi, sai tsagin ya kumbura, ya rufta ciki. Wani ɗan kai ya leƙo, bai kai babban yatsanta ba, da yashi a kansa.

"Je ka kira Musye Tchalla," ta ce, ba ta ɗago ba. "Yana zaune a kujerun gaba."

Lokacin da Tchalla ya iso, na biyu ya fito, guntun ɓawon ƙwai manne a bayansa. Tchalla ya cire hularsa, ya tsuguna a jiƙaƙƙiyar ƙasar da kayansa na biki. A waje badujala ta ɗauka, motar gawa ta shigo layin. Essivi ta ɗaga ƙafarta a hankali, ɗan kunkurun ya bi ta ƙarƙashinta ya nufi gindin gwanda.