Tsarabar Ruwan Teku

Zubaida ta sake zazzage jakarta a tsakar gidansu a Mayahi, amma kwalbar ruwan tekun da ta zo da ita ba ta nan. Tun daga Dakar ta rungumo ta cikin kula da ƙanƙara. Jibi za ta kai wa malaminta a Yamai, in babu ita kuwa, babu jarabawar ƙarshe sai baɗi.

"Inna, ina ruwan nan?"

Inna Ramlatu ta ci gaba da tankaɗen gero. "Na raba. Ki taho tun daga Sanagal, maƙwabta su shigo barka da zuwa, su hita hannu rabbana? Littattahanki zan ba su? Ai kowa ya san ruwan teku magani ne."

Zubaida ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Inna, kin kashe ni! Akwai ƴan mitsi-mitsin halittu a ciki, ido ba ya ganinsu. Su ne kifi ke ci. Teku na ƙara ɗumi shekara bayan shekara, su kuma suna raguwa. Abin da nake karantawa ke nan!"

"Masu rai?" Inna ta aje rariya. "Maƙwabciyarmu Safi hwa har ta kurɓa."

Sai ta ga da gaske ɗiyarta kuka take. To, karɓe kyauta bayan an bayar abin kunya ne, Inna ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta. Ta ja mayafi, ta ɗauki kofi, Zubaida na biye.

Safi ta shanye nata. Hassana ta yi wa jinjiri wanka da shi. Mamman Sani kuwa jakinsa ya ba, wai tari ke damunsa. A kowane gida sai Inna ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ya kawo ta, a kalle ta baki buɗe.

Saura tsoho Cha'ibu, mai ciwon gwiwa. Suka same shi a zaure ya miƙe ƙafa.

"Nawa yana nan, ko ɗigo ban taɓa ba," in ji shi.

Zubaida ta kusa yin guɗa don murna.

Ya ɗaga murya ya kira matarsa: "A'ishatu, sauke tukunyar nan haka, kawo musu!" Sannan ya dubi Zubaida da fara'a. "Sanyinshi ya yi yawa, ɗiyata. Shi ya sa na ce a tahasa."