Takardar Tsaya wa Direba

Malamin adabi yana tsakiyar raba allo gida biyu da alli aka leƙo aka ce shugabar makaranta na son ganinsa idan ya fito. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da bayani. Ya ce wa ɗaliban tsofaffin marubutan labari kashi biyu ne. Wasu sun ɗauka zuciyar ɗan Adam asalinta fara ce, ko a kwata ya faɗa zai iya miƙewa ya wanke jikinsa. Wasu kuma sun ce jinin da ya gada da yunwa da unguwar da ya tashi su ke jansa da igiya, zaɓinsa bai taka kara ya karya ba.

Wata ɗaliba a layin baya ta tambaye shi wanne ya yarda da su.

"Na farkon sun fi daɗin karatu," in ji shi, "na biyun sun fi sanin mutane."

Aji ya yi dariya, shi bai yi ba.

A ofis shugaba ta turo masa takarda. Makaranta na neman direban motar yara, ƙaninsa ya nema, ya kuma fi kowa iya tuƙi a gwaji. Sai dai ta ji cewa giya ce ta raba shi da aikinsa na baya. Ba za ta ɗauke shi ba sai yayansa ya sa hannu ya tsaya masa, don yara talatin za a damƙa masa kullum. Ta ba shi zuwa tashi.

Da aka fita tara ya taka zuwa wurin wankin motoci inda ƙanin ke aiki. Bai ƙarasa ba, ya tsaya a tsallaken titi yana kallonsa yana goge gilashi. Tsayuwar ta mahaifinsu ce sak, har yadda yake karkata wuya. Shi ma mahaifin sau nawa ya rantse ya daina, kwalba kuma ita ta kai shi ƙasa. Wata takwas ke nan ƙanin bai sha ba, haka matarsa ta ce, ita kuwa ba ta ƙarya. Amma mahaifinsu ya taɓa yin shekara guda cur bai sha ba.

Ya koma ya zauna a ɗakin malamai da takardar a gabansa, shayinsa ya huce. Shekara ashirin yana koyar da littattafan nan, babu wanda ya gaya masa abin da zai yi da biro. Ana gab da buga ƙararrawa ya sa hannu.

Ranar Litinin da safe motar ta tsaya a bakin layinsu don ɗaukar yaran maƙwabta. Ƙanin yana sanye da riga mai guga, ya yi aski. Malamin ya hau da jakarsa, ya zauna a kujerar gaba.

"Yaya, gadina za ka riƙa yi?"

"Babur ɗina ne ya ƙi tashi."

Ƙanin ya dubi babur ɗin a ƙofar gida, wanda shi da hannunsa ya gyara shekaranjiya. Ya daidaita madubi, ya ce wa yayan ya ɗaura bel, sannan ya sa giya a hankali.